Dokar Ƙara

Yagana, Ali, wannan babin naku ne, don na gaji da jin ƙarya a tsakar gidana. Duk ranar da Baba Bukar ya zo cin burabusko sai ya ɗora ku a cinya ya ce wai ubanku bai taɓa cinsa a golf ba sai sau ɗaya, wannan ɗin ma da maguɗi. Ku kuma ku riƙa kallona kamar an kama ɓarawon kaza. To ga yadda aka yi. Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji biyu na sakandare ni da makaranta muka yi sallama, ba wanda ya yi kukan rabuwa. Amma abin da idona ya gani ba sai da takardar shaida zan faɗe shi ba.

Tun ina yaro nake ɗaukar wa manya jaka a filin golf na garin nan. Kada ku tuna irin na talabijin mai ciyawa shar. Namu ƙasa ce da ƙaya da inuwar darbejiya, wurin ramin kuma yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai, sai an share shi da buhu kafin a gangara ƙwallo. A nan na koyi bugu, ta hanyar satar kallo da satar sanda idan mai ita ya tafi shan lemo. Da na girma na koma acaɓa. Da rikici ya yi zafi aka hana babur a gari gaba ɗaya, na wayi gari ba abin hawa, ba sana'a, sai bakina. Manyan da ke zuwa fili kuma suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan Abuja, wancan Kano. Na ƙarshensu wani likita ne ɗan kudu da na daɗe ina ɗaukar wa jaka. Ranar da zai bar gari ya miƙo min sanduna uku da ƙwallaye cike da safa, ya ce in ajiye masa har ya dawo. Har yau ina ajiye masa.

Wauta ta farko da na yi, na naɗe sandunan a cikin tabarma na saɓa a kafaɗa na nufi unguwarmu Maisandari. Ku dai ku auna: saurayi, a wancan lokacin, da dogayen ƙarafa a naɗe, ya tunkari shingen sojoji. Tun daga nesa na ji an ɗana bindiga.

“Kai! Ajiye! Buɗe da ƙafa!”

Na buɗe da ƙafa. Sojan ya leƙa, ya dubi silifas ɗina da aka ɗaure da waya, ya sake duban sandunan.

“Kai ne za ka buga golf?”

“Yallaɓai, ƙwallon ba ta kallon takalmi.”

Ya ce in nuna masa. Na dasa ɗaya a gefen titi, na aika ta bayan wata doguwar darbejiya, ta ɓace ɓat. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce in wuce, amma in na sake naɗe su a tabarma shi da kansa zai yi min sallah. Daga ranar a fili nake riƙe su, kamar mai tallan rake.

A shekarar da aka rufe makarantu ne muka rasa yayanmu Ali, wanda ka ci sunansa. Yaron mota ne, aka tare su a hanya suna dawowa da wake, ko gawarsa ba mu gani ba. Ba, wato kakanku, ya riga ya rasu tun muna ƙanana, gidan ya zama daga Ya, kakarku, sai ni, sai Bukar. Bukar lokacin bai cika sha shida ba, ba makaranta, ba aiki, zuciyarsa kuma kamar garwashi. A lokacin ne samarin gari suka ɗauki gora da adda suka ce sun gaji, su za su tsare unguwanninsu. Kada wanda ya taɓa jin na raina waɗannan yaran, don ba don su ba da ban san inda za a haife ku ba. Ni ma na tsaya a bakin layi ina bincikar keke. Amma tsayuwa a bakin layi daban, bin sojoji cikin daji daban, kuma dajin ne Bukar yake so. Wata safiya Ya tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce min:

“Modu, bakin nan naka da ba ya rufuwa, yau ina son ya yi min aiki. Ka riƙe min Bukar.”

“Ya, da igiya ko da sarƙa?”

“Da duk abin da ka samu. Na ba hanya ɗaya, ba zan ba daji ɗaya ba.”

Abin da na samu shi ne sanduna uku. Bayan gidanmu akwai wani babban fili da mai shi ya fara gini ya gudu ya bari, bulo ya kai taga, ba rufi. Na rataye tsohuwar tabarma a jikin bangon, na tsayar da Bukar na ce ya buga. Riƙe haka. Tanƙwara gwiwa. Kada ka ɗaga kai. Sake. Sake. Yadda na ga ana koya wa manya haka na yi masa, har da kama ƙugu kamar wanda ya yi karatun abin a Ingila. Bai yi sati ba ya yi jifa da sandar.

“Mutane suna can suna tsaron gari, ni ina nan ina dukan tabarma kamar wanda aka aika kakkaɓe kuɗin cizo!”

Gaskiyarsa ce, ni ma da nake koyarwar hamma nake yi. Da a nan labarin ya ƙare, ba don Allah ya kawo Bafulatani kan katanga ba. Maƙwabcinmu Alhaji Jauro dillalin shanu ne, iyayensa makiyaya, shi ya zauna gari. Ɗansa Hamma sa'an Bukar ne, siriri kamar tsinken tsire. Kun san tsakaninmu Barebari da Fulani ba a gaisawa sai an tsokani juna, kowa ya ce ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Hamma ya leƙo ya ga Bukar yana huci, ya ce:

“Subhanallahi, Babarbare da sanda! Wa ya ba bawa kayan iyayengijinsa? Miƙo nan, kada ka ji wa kanka ciwo.”

Ya diro, ya ɗauki sandar ya riƙe ta a karkace kamar zai kora bijimi, ba gwiwa, ba komai, ya kai mata duka. Ƙwallon ta tashi ta bi ta tagar ginin nan ta fita ta ɗaya tagar. Sa'a ce tsagwaronta, ko a mafarki ba zai maimaita ba. Amma ya karkaɗe hannu ya ce wannan a rugarsu aikin 'yan mata ne. Na dubi fuskar Bukar. Abin da na yi kwanaki ina nema da wa'azi ban samu ba, ga shi Fulata ya kunna shi da baki ɗaya.

“Ba ni sandar nan,” in ji Bukar. “Yau sai ka kira ni ubangida.”

A daren ban yi tunanin komai ba sai wasanni. Da gari ya waye na yar da tabarma. Muka binne gwangwanayen tumatir a wurare daban-daban cikin filin, muka roƙi baƙin mai wurin bakanike muka kwaɓa yashi kewaye da kowanne, kowane rami da sunansa: Ramin Taga, Ramin Kwata, Ramin Akuya don akwai wata akuya da ta mayar da shi wurin barcinta, da Ramin Ya, na ƙarshe, wanda ke jikin ƙofar bayan gidanmu. Na farkon wasanninmu shi ne Kusa-kusa: kowa ya buga ɗaya, wanda tasa ta fi nisa da gwangwani shi zai ɗauki jarka ya cika wa gidan wanda ya ci duro daga famfon unguwa. Sai Taga, wanda ya kasa ratsa ta ya yi tsallen kwaɗo. Sai Sarƙa, kana jefawa kana ja da baya, ka kuskure ɗaya ka koma farko, wannan shi ya fi sa Bukar cizon yatsa. Babban wasa kuma ranar Alhamis, Barebari da Fulani, ɓangaren da ya faɗi shi zai ɗauki takalman ɗayan zuwa masallacin Juma'a yana cewa “ranka ya daɗe”. Ban sake ce wa Bukar tanƙwara gwiwa ba. Da ya ɗauki takalmin Hamma sau biyu a gaban 'yan matan layi, da kansa ya zo yana tambayata yadda ake tanƙwara ta.

Yara suka cika filin, har da na unguwar Galtimari masu zuwa a ƙafa su koma kafin dokar hana fita. Sanduna uku ba su isa ba, wani mai walda ya lanƙwasa mana rodi. Alhaji Jauro, da kasuwar shanu ta mutu ya rasa wurin zuwa, ya kawo kujerarsa da butarsa ya naɗa kansa alƙali. Sharaɗinsa ɗaya, ba a sa ko sisi, ya ce in ya ga kuɗi caca ce, zai tattara mu da sandar kiwo. Ya kuwa ba ta taɓa fitowa ba. Wasan ƙwai take kiransa. Ta ce maza biyun da suka rage mata sun ƙare a bin ƙwan da ba a soyawa. Amma duronta bai taɓa cika kamar na wannan lokacin ba, kuma ba ta taɓa tambayar wa ya cika ba.

Yanzu ku buɗe kunne, ga inda Baba Bukar yake tsallakewa in yana ba ku labari. Wata Alhamis Hamma ya ɗaga sanda zai buga, sai ƙara ta tashi daga can cikin gari, irin wadda kake ji a ƙirji kafin kunne. Hannunsa ya karkata, ƙwallon ta tafi kwata. Muka duba inda hayaƙi yake, kowa ya lissafa nasa da suka fita, aka yi salati. Da hankali ya dawo Hamma ya ce zai sake bugu. Wa ya yi tsalle ya hana? Bukar.

“Ba a sakewa! A garin nan in za a jira shiru ba wanda zai buga ƙwallo. Namiji ba ya firgita. In ƙara ta kama ka, ta kama ka.”

Alhaji Jauro ya gyara zama ya ce, “Tsaya, ɗan bawana. Kowace irin ƙara?”

“Kowace iri, Baffa. Ko bom, ko taya, ko kukan jaki.”

“Kun dai ji da kunnenku. Babarbare ya kafa doka.”

Haka dokar ƙara ta samu. Bukar ne ubanta, shi ya raɗa mata suna, kuma ya ci mutane da ita ba sau ɗaya ba. Maganar gaskiya kuma, yaron ya iya. Kafin damina ta kama, ni kaɗai nake cinsa, ni ma sai na daina wasa da baki na mai da hankali.

Na ɗauka na gama aikin da Ya ta ba ni, har ina yi mata burga. Sai ga Kyari. Abokin Bukar ne tun na allo, ya girme shi kaɗan, ya daɗe da shiga cikin masu gora. Ya shigo filin da layu a damtse da adda a ƙugu, yara suka bar ƙwallo suka kewaye shi. Ya ja Bukar gefe, amma Kyari bai iya raɗa ba. Gobe da safe mota za ta bi sojoji daji, wajen hanyar da aka tare su Ali, ana neman masu zuciya, ya riga ya yi wa Bukar magana wurin shugabansu. Bukar ya dawo ya miƙo min sandar kamar mai mayar da aron cokali.

“Yaya, na gode da wasa. Gobe zan tafi.”

Na san in na ce Ya, zai ce Ali. In na ce kai yaro ne, zai haura katanga da asuba. In na kulle shi, ranar da na buɗe ba zan sake ganinsa ba. Abu ɗaya na sani tabbas game da ƙanina, ba ya iya wuce ƙalubale a gaban mutane. Sai na yi dariya da ƙarfi yadda kowa zai ji.

“Hamma, ka ji bawanka zai gudu. Ya ga ba zai taɓa cin yayansa ba, ya ce gara daji.”

“Ni ne ba zan ci ka ba?”

“Ga fili. Ramuka duka, ni da kai. In ka ci ni, ni da kaina zan raka ka bakin mota, kuma ni zan sa Ya ta sa maka albarka. In na ci ka, ba daji, ba maganar daji, sai abin da Ya ta ce.”

Maganar ta riga ta fita kafin in auna nauyinta. Ɗan mutane na ɗora a kan gwangwanin tumatir, ban tambayi uwarsa ba. Alhaji Jauro ya daina murmushi. Ya kira mu gabansa, ya dube ni, ya ce:

“Modu, ka san abin da kake yi?”

“Baffa, yaron nan ni na koya masa riƙe sanda.”

“Shi ya sa nake tambaya.”

Ya sa kowannenmu ya rantse a gaban jama'a, da Kyari a tsaye yana ji. Aka share yashi.

Ban taɓa buga wasa irin na ranar ba, ko a gaban manya. Na ci Ramin Taga, ya ci na Kwata. Na tsokane shi, na ce tsayuwarsa kamar ta raƙumi mai ciwon baya, na yi masa waƙar da ake yi wa amarya, duk bai kula ni ba. Da can kalma ɗaya take sa shi ya watsar da bugu. Ranar ko ƙifta ido bai yi ba. A Ramin Akuya ya fito da ƙwallo daga bayan bulo da wani bugu da ban taɓa koya masa ba, don ni ma ban iya ba. Fulani da Barebari duk suka manta da ɓangare, ba mai tsokanar wani. Muka iso Ramin Ya kunnen doki.

Dukanmu muka hau yashi da bugu daidai. Tawa ta fi nisa, ni zan fara. Na share hanya da buhu, na duƙa na duba, na gangara ta. Ta tafi tiryan-tiryan kamar an aike ta, ta zo bakin gwangwani, ta leƙa ciki, ta tsaya. Wallahi da kaza ta yi atishawa a kusa da ta faɗa. Ta Bukar kuwa tana nan kusa, tazarar da ba ta fi tsawon tabarmar sallah ba, irin wadda yake jefawa ido rufe a wasan Sarƙa. In ta shiga, ya ci. Ya tsaya a kanta. Ya ja sanda baya.

Dummm!

Ƙasa ta amsa. Wannan ba daga cikin gari ba ce, a bayan kunnenmu take. Yara suka zube rub da ciki, Kyari da layunsa ya shige bayan bulo, ni ma ba zan ɓoye muku ba, na tsinci bakina cike da yashi mai baƙin mai. Da na ɗago, ba hayaƙi, ba ihu, akuya ma tana tuƙa abinta. Bukar yana tsaye da sanda a hannu, ƙwallonsa kuwa ta wuce gwangwani, ta wuce yashi, ta gangara cikin ramin harsashin ginin.

“Zan sake,” in ji shi. “Baffa, wannan ba lissafi, zan sake.”

Alhaji Jauro, wanda ko motsi bai yi daga kujerarsa ba, ya ce, “Wa ya kafa dokar ƙara?”

Bukar ya hau tonon yashi da sandarsa.

“Na tambaye ka ranar, kowace iri? Me ka ce min?”

Hamma ya buɗe baki zai ce ko kukan jaki, uban ya harare shi ya haɗiye. Na tura tawa da bakin sanda ta faɗa, ƙwal. Bukar ya shiga ramin harsashi ya gwada fito da tasa, ta bugi bulo ta dawo ƙafarsa. Ya ajiye sandar a hankali, ya tura ƙofar langa-langa ya shiga gida, ni ina bayansa, rabin unguwa suna bayana.

Ya tana tsaye a tsakar gida, lafayarta a ɗaure a ƙugu, taɓarya a hannu. Kusa da ita babban duron ƙarfen nan namu, wanda ke jingine da ƙofar baya, gefensa ya lotsa kamar mota ta buge shi.

“Ya,” in ji Bukar, “mene ne wannan?”

“Ruwa nake dubawa.”

“Da taɓarya?”

“Hannuna yana ciwo.” Ta leƙa cikin duron. “Babu ko ɗigo. Wanda ya faɗi ya ɗauki jarka.”

Wani yaro ya fashe da dariya, sai duk aka ɗauka. Bukar ya juyo ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonsa ba, ya ce mun haɗa baki. Na rantse masa ban sani ba. Bai saurare ni ba. Amma ya yi rantsuwa a gaban Alhaji, kuma dokar tasa ce. Da safe mota ta tashi, shi yana layin famfo da jarka.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi don ina ba ku shi da dariya. Kafin azahar duk Maisandari ta ji, aka sa masa Bukar Duro, yaron da zai je daji amma duro ya firgita shi. Ya daina fita. Ni kuwa ya daina yi min magana kwata-kwata. Ɗaki ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, in yana son gishiri sai ya ce wa bango a miƙo gishiri. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na gwada duk barkwancin da na sani, kamar ina yi wa turmi. Damina ta wuce a haka. Sai a lokacin motar ta dawo, kuma ba duka ta dawo da su ba. Kyari yana cikin waɗanda aka bari a can. Muka je gaisuwa, muna dawowa a hanya Bukar ya yi maganarsa ta farko, ba ma ni yake kallo ba.

“Da ina motar, da wataƙila na jawo shi gida.”

Na so in ce da wataƙila gaisuwa biyu za a yi. Ban faɗa ba. Shi ne karo na farko a rayuwata da magana ta zo bakina na mayar da ita. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba, nasa ko nawa, kuma shi ma bai sani ba. Da wannan muke zaune.

Bayan Babbar Sallah, wata safiya ina karin kumallo, sai na ji ana jan ƙarfe a ƙasa. Bukar ne yake mirgina duron zuwa fili. Ya dawo ya jefo min taɓarya a cinya, kunu ya zube.

“Tashi. Duk lokacin da ka ga dama ka buga. Kada ka gaya min.”

Haka muka samu sabon wasa, Duro. Mutum yana kan ƙwallo, wani yana bayansa da taɓarya, zai iya bugawa, zai iya ƙin bugawa, jiran ma ya fi ƙarar wahala. Maƙwabta suka kai ƙararmu wurin bulama, mai unguwarmu, aka ce mu riƙa sanar da layi kafin mu fara, kada tsofaffi su riƙa shiga ƙarƙashin gado. A farko Bukar yana watsar da kowace ƙwallo. Daga baya ko a kunnensa ka buga, hannunsa kamar an dasa. Shi ya sa yau in ya je gasa Kaduna ko Jos, wani ya yi tari, wayar wani ta yi kuka, manya suna ɓata rai, shi ko a jikinsa. Sunan da aka sa masa don a ci masa fuska, shi ne a rubuce a jikin jakarsa. Wa ya yi masa wannan? Ku tambaye shi, ku ga ko zai ambaci sunana.

To maganar maguɗi. Na ɗaya, dokar tasa ce. Na biyu, ni ban san Ya tana leƙe ta tsagar ƙofa ba, ban ma san ta san dokokinmu ba, ashe duk gardamar da muke yi a bayan katanga tana tankaɗe tana haddacewa. Na uku, kuma wannan ku riƙe shi da kyau, ko ba duro Bukar ba zai jefa ƙwallon nan ba. Na ga yadda ya ajiye ƙafarsa ta hagu. A karkace take. Ni malaminsa ne, na sani.

Na taɓa faɗa wa kakarku haka, bayan an haife ki, Yagana, tana yi miki wanka a gindin duron nan da har yau ta hana a sayar wa 'yan gwangwan. Na ce Ya, da kin bar ni da shi ranar, ai na riga na gama da shi, kin dai ɓata min suna a banza.

Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Kai tada, yaron nan, rufe min baki. Tun daga Ramin Akuya nake ganin gwiwarka tana kaɗawa. Na ce ka riƙe min ɗa, ka je ka ɗora shi a kan ƙwai.”

“To kin yarda ke nan da gangan kika buga?”

Ta juya ki ta ci gaba da cuɗa miki baya.

“Ruwa nake dubawa,” in ji ta. “Miƙo min tawul.”